A Koya wa Yara Ƙirga Hannuwan Kabon Kafin a Ba Su Fomula

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina yi muku fatan alheri, ku da dukkan ma'aikatanku, tare da roƙon ku ba ni fili a shafin wasiƙu ko da wannan ta zarce tsawon da kuka saba bugawa. Ni malama ce, ina koyar da kemistiri a wata sakandaren 'yan mata a nan Daura. Maganar da ta sa na ɗauki alƙalami ƙarama ce a ido. Wani lissafi ne na layi ɗaya da ake yi a kan fomular sinadari, a gano giɓin haidurojin da ke cikinsa, wato zobe nawa ko haɗi mai ninki nawa ke ɓoye a jikin molikul, dunƙulen ƙwayoyin da suka kama juna suka zama sinadarin. Yadda ake cusa wa yaranmu shi yana damuna ƙwarai, kuma na san malamai da ɗalibai da dama suna karanta jaridarku.

Akwai wata 'yar ƙasida ta share fagen jarrabawa da ke yawo a hannun ɗalibai, irin waɗanda ake ɗaukar hotonsu ana sayarwa a bakin makarantu, babu sunan marubuci, babu na maɗaba'a. Wata tsohuwar ɗalibata da ke shekarar farko a jami'a ce ta zo hutu ta nuna mini. A shafin da ya yi magana kan wannan lissafi an rubuta cewa a ɗebe adadin naitirojin, alhali ƙarawa ake yi. Kuskuren bugu yana iya faɗa wa kowa, ban riƙe wannan da zafi ba. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne yarinyar ta haddace shi haka nan, ƙawayenta ma sun haddace, kuma babu wadda ta san yadda za ta gwada ta ga ko daidai ne. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta ci kemistiri da kyau a WAEC. Amma an ba ta fomula kamar wani abu da ya sauko a shirye, ba a nuna mata daga ina ya fito ba, don haka ba ta da abin da za ta kare kanta da shi in an ba ta gurɓatacce.

Ga yadda nake farawa da 'yan aji biyu na babbar sakandare. Kowace ƙwayar kabon hannu huɗu gare ta, kuma ba ta barin ko ɗaya ya zauna banza. Haidurojin hannu ɗaya, oksijin biyu, naitirojin uku. Kulorin da danginsa, wato fulorin da buromin da aidin, kowannensu ɗaya. Tun 1858 August Kekulé na Jamus da Archibald Couper na Sikotland, kowa a nasa ɓangaren, suka bayyana cewa kabon yana da hannu huɗu kuma yana iya kama ɗan uwansa kabon su yi sarƙa. Duk lissafin daga wannan magana ya tsiro. Nakan sa yara su zo da yumɓu da tsinken tsintsiya, mu mulmula ƙwallaye, manya su zama kabon, ƙanana haidurojin, tsinke ya zama haɗi. Ba mu taɓa allo sai sun gina da hannunsu.

A jera kabon huɗu a layi. Hannuwansu goma sha shida ke nan. Tsakaninsu akwai haɗi uku, kowane ya ci hannu biyu, shida sun tafi. Saura goma, kuma haidurojin ne zai cike su. An sami C4H10, butan, wanda shi da furofan, C3H8, su ne gas ɗin da ke cikin tukunyar girki. In an lura, kowane kabon ya ɗauki haidurojin biyu, sannan na bakin layi biyun sun sami ƙarin ɗaya-ɗaya. Nan ne "ninka kabon, ƙara biyu" ya samo asali. Ko sarƙar ta yi rassa, adadin ba ya canjawa, kuma nakan bar yara su karya ginin su sake shi da reshe don su tabbatar da kansu. Wannan shi ne ƙosasshen molikul, wanda ya ɗauki iyakar haidurojin da zai iya ɗauka.

To, ta hanya biyu kaɗai adadin zai ragu. Ko dai na farkon layi da na ƙarshe su saki haidurojin ɗaya-ɗaya su kama juna, sarƙa ta zama zobe, ko kuma maƙwabta biyu su saki ɗaya-ɗaya su riƙe juna da hannu bibbiyu, a sami haɗi mai ninki biyu. Ko wanne aka yi, haidurojin biyu sun fita. Haɗi mai ninki uku kuwa huɗu yake kora. Saboda haka a duba abin da ya kamata a samu, a ɗebe abin da ke akwai, a raba biyu. Iyakar lissafin ke nan. Gas ɗin da masu walda ke fitarwa daga kabaid da ruwa a bakin tasha, asitilin, C2H2 ne. Kabon biyu ya kamata su ɗauki haidurojin shida, biyu ke nan, saura huɗu, a raba biyu, giɓi biyu. Haɗi ɗaya ne mai ninki uku tsakanin kabon biyun.

Sauran baƙin ƙwayoyi ma ƙirga hannu ne ke faɗin yadda za a yi da su. Kulorin hannunsa ɗaya, kujerar haidurojin yake zama, don haka a lissafa shi tare da haidurojin. Oksijin mai hannu biyu kutsawa yake yi tsakanin ƙwayoyi biyu, ya kama wannan ya kama wancan, bai ƙara gurbi ba bai rage ba. Itan C2H6 ne, itanol C2H6O ne, haidurojin shida a nan, shida a can. Shi ya sa ake ƙyale oksijin a lissafin. Naitirojin kuwa, wanda ƙasidar nan ta yi wa ɓarna, hannu uku gare shi. Ya kutsa da biyu, na ukun ya rage, dole a nemo masa ƙarin haidurojin. Mitan CH4 ne, amma metilamin CH5N ne. Kowane naitirojin ƙarin gurbi ɗaya yake kawowa. Yarinyar da ta soka tsinke uku a ƙwallon yumɓu ta ga ɗaya yana tsaye ba abin da ya riƙe, ba za ta taɓa yarda a ce mata a ɗebe ba.

Sai bayan wannan nake rubuta fomular a allo: giɓi = (2C + 2 + N − H − X) ÷ 2, inda X ke tsaye a madadin kulorin da danginsa. A lokacin ta riga ta zama taƙaitawar abin da suka sani.

Ga gwajin minti ɗaya da na nuna wa tsohuwar ɗalibar tawa. A ɗauki metilamin, wanda kowa ya san ba shi da zobe ba shi da ninki. Da fomular gaskiya: biyu da biyu da ɗaya biyar, a ɗebe biyar, sifili. Da ta ƙasidar: huɗu a ɗebe ɗaya, a ɗebe biyar, a raba biyu, sai a sami ɗaya ƙasa da sifili, abin da ba zai yiwu ba. Amma haɗarin kuskuren shi ne ba kullum yake tona kansa haka ba. A duba farasitamol da ke kowane kemis, C8H9NO2. Kabon takwas sun ba da goma sha takwas, a ƙara naitirojin, goma sha tara, a ɗebe tara, saura goma, giɓi biyar. Huɗu na zoben benzin ne, wato zoben kabon shida, zobe ɗaya da haɗi uku masu ninki biyu, na biyar kuma ninkin da ke tsakanin kabon da oksijin. Da fomular ƙasidar huɗu za a samu, lamba mai kyau, cikakkiya, wadda ta yi daidai da zoben benzin kaɗai, ɗalibi ya miƙa takardarsa hankali kwance ya zana abin da ba farasitamol ba. Sinadarin kafin da ke cikin goro, C8H10N4O2, giɓinsa shida ne: zobe biyu, ninki huɗu. Ƙasidar biyu za ta ba shi.

Akwai kuma wata alama da lissafin ke bayarwa kyauta. In amsa ta fito da rabi, kamar huɗu da rabi, to an yi kuskure wajen ƙirga ko wajen kwafe fomular, ko kuma abin da ake dubawa ba cikakken molikul ba ne, ɓallen wani ne ko mai ɗauke da caji. Wanda ya manta da naitirojin gaba ɗaya a farasitamol huɗu da rabi zai samu, kuma wannan rabin ya isa ya tsayar da shi. Daga nan ne ma wata ƙa'ida da ake koyarwa a jami'a ta fito, cewa sinadari mai naitirojin ɗaya ko uku nauyinsa mara ne, ba cika ba. Na farasitamol 151, na kafin mai naitirojin huɗu 194. Ana koyar da su a matsayin darussa biyu daban, alhali ƙirga hannu ɗaya ne.

Inda na fi son tsayawa da yara shi ne maganar mai, domin a gidan mai na tashi. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ƙuli-ƙuli take yi, kuma tun ina ƙarama na san man gyaɗa yana zuba a kwalba, man kaɗanya kuma sai an yanko shi ko an ɗebo da yatsa. Da hunturu man gyaɗa yakan yi gajimare ya yi kauri, rana ta ɗaga ya saki. Ba wanda ya taɓa gaya mini dalili sai da na je makarantar horon malamai. A jikin waɗannan mayuka akwai wasu dogayen sarƙoƙi masu kabon goma sha takwas. Ɗaya ana kiransa asid na sitiyarik, C18H36O2. Kabon goma sha takwas sun ba da talatin da takwas, a ɗebe talatin da shida, giɓi ɗaya. Na biyu asid na oliyik, C18H34O2, giɓi biyu. Na uku asid na linoliyik, C18H32O2, giɓi uku. Adadin kabon da na oksijin bai canja ba, bambancin haidurojin bibbiyu ne kawai. Amma na farko sai zafi ya kai wajen digiri 69 yake narkewa, na biyu wajen 13, na uku kuwa ruwa ne har ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Dalili shi ne kowane ninki tsakanin kabon da kabon yana lanƙwasa sarƙar, lanƙwasassu kuma ba sa iya kwanciya su matse da juna. Man kaɗanya yana da sitiyarik mai yawa, shi ya sa yake da tauri. Man gyaɗa mafi yawansa oliyik ne da linoliyik, shi ya sa yake zuba.

A nan akwai tarko, kuma masu tsara tambaya sun san da shi. Sitiyarik yana da giɓi ɗaya, amma likita da mai ilimin abinci ƙosasshen mai suke kiransa, kuma sun yi daidai. Giɓin nasa na kan asid ɗin ne, ninkin kabon da oksijin, sarƙar kanta ba ta da ninki ko ɗaya. Wanda ya haddace zai ga ɗaya ya ce marar ƙoshi ne. Wanda ya fahimta zai tambayi kansa a ina ɗayan yake zaune. Kuma wuraren ninkin nan su ne iska ke kama wa, shi ya sa man da ya daɗe a buɗe a rana yake canja wari da ɗanɗano. Mahaifiyata takan toshe bakin kwalba ta ajiye a inuwa a ƙuryar ɗaki, ba ta san sunan linoliyik ba amma ta san halinsa. Masana'antu kuma sun koyi cike giɓin da gangan. Paul Sabatier na Faransa ya nuna a 1897 cewa ƙarfen nikel yana sa haidurojin ya hau kan ninki, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1912, sannan Wilhelm Normann na Jamus ya yi amfani da hanyar a kan mai a farkon ƙarni na ashirin, mai ruwa ya koma mai tauri. Margarin da ake shafa wa burodi a teburin mai shayi tarihinsa ta nan ya biyo.

Dole kuma a gaya wa yara iyakar wannan lissafi, domin bayan kuskuren naitirojin, babban ciwon shi ne ɗalibi ya ɗauka lambar ta zana masa molikul. Lambar tana faɗin nawa ne, ba ta faɗin wane iri ko a ina. C6H12 giɓinsa ɗaya, amma yana iya zama sarƙa mai ninki, yana iya zama zobe marar ninki, kuma halinsu ya sha bamban. C3H6O na iya zama asiton da 'yan mata ke goge jan farce da shi, yana iya zama wani abu dabam. Gulukos, C6H12O6, giɓinsa ɗaya, kuma shi da kansa a cikin ruwa yakan kasance zobe, ya buɗe ya zama sarƙa mai ninki, ya sake rufewa, lambar tana nan ɗaya. Misalin da ya fi burge yarana shi ne na tumatir da manja. Abin da ya sa tumatirin Danja ya yi ja, laikofin, C40H56 ne. Abin da ya ba manja da karas launinsu, karotin, shi ma C40H56 ne. Kabon arba'in sun ba da tamanin da biyu, a ɗebe hamsin da shida, saura ashirin da shida, giɓi goma sha uku kowannensu. A tumatir duka goma sha ukun ninki ne, babu zobe. A karas ninki goma sha ɗaya ne da zobe biyu. Shunin da marina ke turawa da shi, C16H10N2O2, shi ma goma sha uku ne cif, amma zobe huɗu da ninki tara. Ja, ruwan lemo, shuɗi, lamba ɗaya.

Abin da suka yi tarayya a kai shi ne ninkin nasu a jere yake, mai ninki, marar ninki, mai ninki, marar ninki, kuma irin wannan jeri ne ke sa molikul ya sha wani ɓangare na hasken rana ya bar mana sauran a matsayin launi. Sinadarin da ke kama fata a lalle, C10H6O3, giɓinsa takwas a kan kabon goma kacal. Nakan gaya wa yara in suka ga haidurojin ya yi kaɗan haka idan aka kwatanta da kabon, su fara zaton zoben benzin, musamman in giɓi ya kai huɗu.

Shi kansa benzin haka ya wahalar da manyan masana. Michael Faraday ne ya fara ware shi a Landan a 1825. Da aka tabbatar cewa C6H6 ne, ƙirga ta nuna giɓi huɗu, abin da ya kamata ya sa shi saurin kama duk abin da ya zo kusa, amma benzin ya ƙi yin halin masu ninki. Sai a 1865 Kekulé ya kawo shawarar zobe mai kusurwa shida. A 1929 wata mace, Kathleen Lonsdale, ta yi amfani da hoton eksire a kan wani ɗan gidan benzin ta nuna cewa zoben shimfiɗaɗɗe ne. Ina ambatar sunanta a aji da gangan, kamar yadda nake ambatar Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta sami kyautar Nobel a 2015 kan atemisinin, tushen maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yanzu. Atemisinin C15H22O5 ne, giɓi biyar, zobe huɗu da ninki ɗaya. Kulorokwin da muka sha da muna yara, mai sa ƙaiƙayi, C18H26ClN3 ne, kuma shi ne tambayar da nake rufe darasi da ita domin ya haɗa kulorin da naitirojin a wuri ɗaya: talatin da takwas, a ƙara uku, a ɗebe ashirin da bakwai, a raba biyu, bakwai. Sai dai a kula, abin da aka rubuta a kwalin magani sau da yawa gishirin sinadarin ne, an haɗa shi da wani asid, don haka a ware asalin molikul ɗin tukuna. Haka ma sinadarai masu salfa ko fosfarus, waɗanda ke iya buɗe hannuwa fiye da na kullum, fomular ba ta ƙirga ninkinsu da oksijin, a yi hattara da su.

Wani zai ce wannan darasin jami'a ne, me ya kawo shi sakandare, ga manhaja ta riga ta cika. Amsata ita ce manhajar da muke bi don WAEC da NECO ta riga ta ƙunshi fitar da fomula daga kason kabon da haidurojin, da dangogin sinadarai da fomulolinsu na gama-gari, da sinadarai masu fomula ɗaya siffa daban, da gwajin ruwan buromin. Yara suna haddace su ɗaya bayan ɗaya kamar ba su da dangantaka. Wannan lissafi shi ne ke ɗaure su. Mai ƙirga giɓi ba ya buƙatar haddace cewa wannan dangi 2n ne, wancan 2n a ɗebe biyu ne, yana ganin dalili. In aka ce ya zana duk siffofin C4H8, ya san tun kafin ya fara cewa giɓi ɗaya yake nema, zai tuna da zobe, ba zai tsaya ga ninki kaɗai ba. Darasi biyu ya ishe shi. Kuma yaran da za su tafi Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma su karanta kemistiri, ko su nemi harhaɗa magunguna a Zariya ko Sakkwato, za su tarar cewa kafin a duba sakamakon kowace na'ura mai tantance siffar sinadari, wannan ƙirga ce matakin farko. Na'urorin suna da tsada, suna son wuta tsayayya. Ƙirgar alli kawai take ci.

Ban yarda da masu cewa yaranmu ba su da kan irin wannan tunani ba. A ƙasar Katsina aka haifi Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rubuta littafi kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa kemistiri ya karanta a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma ya koyar kafin ya shiga siyasa. Yarinyar da ke taya uwarta lissafin mudu nawa na gyaɗa ke ba da kwalba nawa ta mai, ta cire kuɗin niƙa ta fitar da riba a ka, ba ninkawa da raba biyu ne zai gagare ta ba. Abin da ke gagararta shi ne a yi mata bayanin da harshen da ba ta gama mallaka ba, cikin sauri, a ce ta kwafa. Ni da Hausa nake yin bayanin hannuwa da zobe, in na ga sun kama sai mu koma yadda tambaya ke zuwa a takardar jarrabawa. Ban ga wannan ya rage wa kowa maki ba.

Roƙona ga 'yan uwana malamai shi ne kada mu rubuta fomular nan a allo sai yara sun gina mitan, itanol da metilamin da hannunsu, kuma mu saba musu da gwada kowace fomula a kan sinadarin da suka riga suka san siffarsa. Ruwa kansa yana gwaduwa: babu kabon, biyu a ɗebe biyu, sifili. Amoniya ma haka. Ga masu buga ƙasidu suna sayar wa ɗalibai, su ji tsoron Allah su ba wani malamin fannin ya duba kafin su buga, su kuma sa sunansu, domin in an ga kuskure a san wa za a gaya wa. Kuɗin da yaran ke biya daga bakin iyayensu aka tsame shi.

Ga hukumomin ilimi na jiha kuwa, buƙatata ba ta da nauyi. Tunda lamba ba ta bambance zobe da ninki, sai an gwada, kuma gani ya kori ji. Ruwan buromin yana da haɗari, ba kowace makaranta ce za ta iya ajiye shi ba. Amma famanganet, garin nan mai launin shunayya da ake samu a kemis, ɗan kaɗan a ruwa ya isa. A zuba shi a kan man gyaɗa a girgiza sosai, launin zai gushe, domin akwai ninki. A zuba a kan farafin mai ruwa, wanda ƙosasshe ne, launin zai tsaya. Abin da ake buƙata shi ne kwalaben gwaji guda ashirin, ƙaramin gwangwanin famanganet, da kwalbar farafin ɗaya ga kowace makaranta a farkon zango. Man gyaɗar mu za mu kawo daga gida.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Taku,
Wata malamar kemistiri,
Daura, Jihar Katsina.